Margaret Dayhoff da Aikin Tattara Haruffan Halitta

Gabatarwa

A cikin ayyukan ilmi akwai wani aiki wanda kowa ke cin moriyarsa, amma ba safai ake tunawa da mai yinsa ba, watau aikin tattara abin da ya warwatsu, da tace shi, da jera shi a wuri guda inda mai nema zai same shi. Mutanen gabashin Sakkwato ba baƙin wannan aiki ba ne. Sa'ad da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno cikin 1837, ƙanwarsa Nana Asma'u da mijinta Waziri Giɗaɗo suka duƙufa ga adana abin da Shehu da Bello suka bari, na rubuce-rubuce da na tarihi, domin kada ya salwanta da mutuwar waɗanda suka gani da idonsu. Da yawa daga abin da ɗaliban tarihi ke karantawa yau game da wancan zamani, ta hannun irin waɗannan masu adanawa ya iso gare su.

Wannan lacca ta shafi wata mace ce ta wata ƙasa da wani zamani dabam, wadda ta yi irin wannan aiki a fagen kimiyya. Sunanta Margaret Oakley Dayhoff, Ba'amurkiya, wadda ta rayu daga 1925 zuwa 1983. Ita ake ɗauka a matsayin wadda ta aza harsashin fannin da ake kira bayo'infomatik, watau ilmin amfani da kwamfuta wajen adana bayanan halittu masu rai da kwatanta su da juna. Manyan masanan zamaninta sun ɗauki aikinta a matsayin aikin akawu. Tarihi kuwa ya nuna cewa daga wannan aikin akawu ne wani sabon fanni na ilmi ya tsiro, fannin da yau ya shafi jinin ɗan Rabah da shinkafar manomin Goronyo.

Asalinta da Karatunta

An haifi Margaret Belle Oakley a birnin Filadelfiya na Amurka ran 11 ga Maris, 1925, ita kaɗai ce kuma iyayenta suka haifa. Tana da shekara goma suka ƙaura zuwa New York, inda ta yi makarantar sakandare ta Bayside, ta fita cikin 1942 tana ta ɗaya a ajinsu. Wannan ƙwazo ya sa aka ba ta sukolashif zuwa Jami'ar New York, ta karanta lissafi, ta sami digirin farko cikin 1945. Daga nan ta wuce Jami'ar Kolambiya, ta koma fannin kemistiri a ƙarƙashin Farfesa George Kimball, ta kammala digiri na uku cikin 1948 tana da shekara 23.

A wancan lokaci kwamfuta irin wadda aka sani yau ba ta samu ba tukuna. Abin da ya yaɗu shi ne injinan lissafi masu aiki da kati, waɗanda kamfanin IBM ke ƙerawa domin manyan ofisoshi su yi lissafin albashi da ƙidayar jama'a. Akan huda katin a wurare dabam-dabam, kowane huji yana wakiltar lamba ko harafi, injin kuma ya bi ya karanta. Margaret ta ɗauki waɗannan injinan ofis ta ɗora musu lissafin ƙarfin da ke riƙe da ƙwayoyin wasu sinadarai, lissafin da ya fi ƙarfin alƙalami da takarda. Tun daga nan halinta na bincike ya bayyana: in tambaya ta yi wa kan mutum ɗaya yawa, sai ta nemi yadda za ta mayar da ita lissafi, ta miƙa wa inji.

Cikin wannan shekara ta 1948 ta auri Edward Dayhoff, masanin fiziks. Ta yi aikin bincike a Cibiyar Rockefeller da ke New York har zuwa 1951, sa'an nan cikin 1952 suka koma jihar Maryland, kusa da Washington. Ta haifi 'ya'ya mata biyu, Ruth da Judith, ta jingine bincike na wasu shekaru saboda renonsu. Cikin 1957 ta dawo fage ta hanyar Jami'ar Maryland, amma dawowar ba ta zo mata da sauƙi ba, domin ta nemi kuɗin gudanar da bincike aka hana ta, bisa hujjar cewa ta daɗe rabonta da fannin, shi kuwa ya yi nisa ya bar ta. Duk macen da ta bar makaranta ko ofis saboda goyo, ta dawo ta tarar an rufe mata ƙofa, ta san ɗacin wannan amsa.

Cikin 1960 ƙofa ta buɗe mata ta wani gefen. Wani mai suna Robert Ledley, wanda ya fara da koyon likitancin haƙori kafin ya karkata ga kwamfuta, ya kafa wata cibiya mai zaman kanta domin shigar da kwamfuta cikin binciken lafiya, mai suna National Biomedical Research Foundation. Ya ɗauki Dayhoff, ta zama mataimakiyar darakta, a nan kuma ta zauna har ƙarshen rayuwarta. Bayan cibiyar ta koma ƙarƙashin inuwar Jami'ar Georgetown da ke Washington, ta zama farfesa a makarantar koyon likitanci ta jami'ar.

Furotin da Haruffansa

Kafin a fahimci abin da ta yi, wajibi ne a san mene ne furotin. Jikin kowace halitta mai rai, mutum ko dabba ko tsiro, furotin yana cikin abubuwan da aka gina shi da su, da shi kuma ake tafiyar da ayyukansa. Wani furotin ke ɗaukar iska a cikin jini, wani ke narkar da abinci, wani ke daidaita sukari. Kowane furotin kamar carbi yake, an jera 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya a kan zare, sai dai 'ya'yan iri ashirin ne, ana kiransu amino asid. Abin da ya bambanta wannan furotin da wancan shi ne yawan 'ya'yan da kuma yadda aka jera su. Saboda haka ana iya ɗaukar su kamar haruffa ashirin, kowane furotin kuma kamar doguwar kalma wadda aka rubuta da su.

Wanda ya fara karanta irin wannan kalma daga farko har ƙarshe shi ne Frederick Sanger na Jami'ar Kambirij a Ingila. Ya shafe kimanin shekara goma a kan insulin, furotin ɗin da masu ciwon sukari ke rasawa, ya kammala cikin 1955, ya tarar yana da haruffa 51. Jim kaɗan bayan haka, cikin 1956 da 1957, wani masani a wannan jami'a mai suna Vernon Ingram ya gano abin da ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Ya kwatanta himogilobin, watau furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jini, na mai lafiya da na mai cutar sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini. A cikin jeri mai haruffa 146, harafi ɗaya tak ya bambanta: a gurbi na shida, inda ya kamata a sami gulutamik, sai aka sami balin. Duk azabar da yaro mai sikila ke sha, da ciwon gaɓɓai da ƙarancin jini, daga wannan musanya ɗaya ta samo asali.

Wahalar karatun furotin a wancan zamani ita ce ba a iya karanta shi gaba ɗaya. Dole a yayyanka shi guntu-guntu, a karanta kowane guntu, sa'an nan a nemi yadda za a mayar da su bisa jerinsu na asali. Wanda ya san littattafan ajami na gargajiya zai gane wannan matsala nan da nan. Ba a ɗinke su, warƙoƙi ne a sake cikin gafaka, in iska ta watsa su kuwa, abin da ke ceton mai littafi shi ne kalmar nan da marubuci kan rubuta a ƙasan shafi, wadda ita ce kalmar farko ta shafin da ke biye. Haka guntayen furotin suke: in aka yanka shi ta hanyoyi biyu dabam, ƙarshen wannan guntu yakan yi daidai da farkon wancan, da haka ake gane wanda ke bin wani. In guntayen suka yi yawa kuwa, masani yakan yi watanni yana fama. Cikin 1962, shekarar da Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya ga buɗe jami'ar da ke ɗauke da sunansa a Zariya, Dayhoff da Ledley suka gabatar da wani tsarin kwamfuta da suka kira COMPROTEIN, wanda suka rubuta domin kwamfutar IBM 7090. Aikinsa shi ne haɗa waɗannan guntaye, yana kuwa yin sa cikin 'yan mintoci.

Kundin 1965

A farkon shekarun 1960 an riga an karanta furotin da dama, amma sakamakon ya warwatsu cikin mujallun kimiyya na ƙasashe barkatai. Kowane masani ya san nasa da na maƙwabcinsa, babu wanda ya san duka. Dayhoff ta ga cewa muddin suna warwatse, ba za a iya kwatanta su ba, in ba a kwatanta su ba kuwa, rabin abin da suke faɗa ya ɓace. Sai ita da abokan aikinta uku, Richard Eck da Marie Chang da Minnie Sochard, suka shiga bin mujallu ɗaya bayan ɗaya, suna kwafe kowane jeri, suna duba kurakuran ɗab'i, suna huda shi a kati. Cikin 1965 suka buga littafin da suka kira Atlas of Protein Sequence and Structure, ma'ana kundin jerin furotin da siffarsa. Jeri 65 ne a cikinsa, kusan duk abin da duniya ta sani ke nan a lokacin.

A cikin wannan aiki ne ta warware wata matsala wadda ke kama da ƙarama. Kafin ita, da haruffa uku ake rubuta sunan kowane amino asid. Katin inji kuwa gurbi 80 kawai yake da shi, saboda haka rubutu mai haruffa uku yana cinye kati, yana kuma wahalar da ido in ana son jera layi biyu, ɗaya bisa ɗaya, don a ga inda suka saɓa. Dayhoff ta ba kowane ɗaya daga cikin ashirin ɗin harafi ɗaya na boko. Inda harafin farko na sunan bai yi karo da na wani ba, sai ta ɗauke shi; inda ya yi karo, sai ta nemi wani mai kusancin sauti ko mai saukin tunawa. Gulutamik ya sami E, balin ya sami V. Da wannan rubutu, labarin sikila duka ya koma E ta zama V a gurbi na shida. Ƙungiyoyin kimiyya na duniya sun amince da tsarin cikin 1968, da shi ake aiki har yau.

Masu nazarin Hausa sun san darajar irin wannan gyara. Sa'ad da aka ba sautukan ɓ da ɗ da ƙ haruffansu masu lanƙwasa a shekarun 1930, an sauƙaƙa wa mai ɗab'i da mai karatu baki ɗaya. Tun kafin haka ma, Nana Asma'u ta tsara gajeruwar waƙa wadda ta ƙunshi sunayen surorin Alƙur'ani 114, ta samar da ita da Fulatanci da Hausa da Larabci, domin ɗaliba ta riƙe abu mai yawa a cikin ɗan ƙaramin mazubi. Fannonin sun sha bamban ƙwarai, amma basirar iri ɗaya ce, watau taƙaita abu ba tare da an zubar da kome daga cikinsa ba.

Abin da Kwatance Ya Haifar

Da jerin suka taru wuri guda, sai suka fara faɗin abin da ɗayansu shi kaɗai ba zai faɗa ba. Alal misali akwai wani furotin mai suna saitokirom, wanda ake samu a jikin dabbobi da tsirrai. Na saniya da na tunkiya daidai suke harafi da harafi. Na doki da na jaki sun saɓa da harafi ɗaya. Na doki da na mutum sun saɓa da haruffa 12. Gwargwadon kusancin halittu biyu, gwargwadon ƙarancin saɓanin da ke tsakanin jerinsu. Malamin da ke bin diddigin wani tsohon littafi yana aiki da irin wannan hujja. In ya tara kwafi goma daga garuruwa dabam-dabam, ya tarar uku daga ciki sun yi tarayya a kuskure guda, ya san daga uwa ɗaya aka kwafo su, ko da bai taɓa ganin uwar ba. Dayhoff da Eck suna cikin waɗanda suka fara sa kwamfuta ta fitar da salsalar halittu ta wannan hanya, cikin 1966.

Ba ta tsaya nan ba. Ta lura cewa ba kowane saɓani ke da nauyi ɗaya ba. Mai kwafar ajami yakan rikita ba da ta, domin ɗigo ne kawai ya raba su, amma da wuya ya rikita ba da kaf. Haka amino asid suke: waɗanda suka yi kama a ɗabi'a sukan maye gurbin juna ba tare da furotin ya lalace ba, wasu kuwa, kamar wanda ta ba harafin W, da ƙyar suke barin gurbinsu. Sai ta zauna ta ƙirga. A cikin bugun 1978, ita da abokan aikinta sun tattara musanya 1,572 daga dangogin furotin 71, suka fitar da jadawali mai nuna yawan yadda kowane harafi ke komawa kowane harafi. Wannan jadawali, wanda ake kira PAM, ya zama mudun awon kamanni. Da shi mai bincike zai iya sanin ko kamar da ya gani tsakanin jeri biyu ta dangantaka ce ko kuwa dace ne kawai. Shi ne kuma ke taimaka wa ɗalibi ya gane nauyin musanyar sikila: E mai son ruwa ce, V kuwa mai gudunsa, saboda haka in iska ta yi ƙaranci a jini sai ƙwayoyin himogilobin su manne da juna, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi.

Cikin 1982 ita da Winona Barker suka nuna ƙarfin wannan hanya a fili. Sun kwatanta jerin wani furotin na ƙwayar cutar da ke haddasa ciwon daji a jikin kaji da duk jerin da ke cikin taskarsu, suka tarar ɗan'uwa ne ga wani furotin na yau da kullum da ke daidaita ayyuka a jikin dabbobi masu shayarwa. Ba su taɓa kwalbar gwaji ko ɗaya ba. A cikin abin da wasu suka riga suka buga suka tono wannan sani, domin sun tara shi wuri guda.

Raini da Rashi

Duk da haka, masanan da ke aiki a ɗakunan gwaji ba su ɗauke ta tamkar ɗayansu ba. A ganinsu mai ilmi shi ne wanda ya gano sabon abu da hannunsa, mai tattarawa kuwa ɗan aike ne. Sa'ad da ta nemi shiga ƙungiyar masana kemistirin halittu ta Amurka, wani babban malami na Jami'ar Harvard, John Edsall, ya amsa mata cewa shi kansa yana ganin ta cancanta, amma ba ya da tabbacin za a karɓe ta, domin ƙungiyar tana duba binciken da mutum ya yi da kansa ne, tattara kundi kuwa bai shiga wannan sahu ba. Ta kuma roƙi masana su riƙa aiko mata da jerin da suka karanta tun kafin su buga, ta yi alkawarin ba su kundin kyauta, amma kaɗan ne suka amsa, kowa yana tsoron kada wani ya riga shi cin sunan abin da ya gano. Wata ƙungiyar kuwa, ta masana fiziks na halittu, ta san darajarta: ita ce mace ta farko da ta riƙe muƙami a cikinta, ta yi sakatare, daga baya ta yi shugaba.

Kuɗi ma ya zama mata ƙarfen ƙafa. Jerin suna ƙaruwa kowace shekara, ma'aikatan da ke tace su suna bukatar albashi, masu ba da tallafi kuwa ba su son kashe kuɗin bincike a kan abin da suke gani aikin ɗakin karatu ne. Dole ta koma sayar da kundin, ta kuma riƙe haƙƙin mallakarsa. Nan wata sabuwar rigima ta taso, domin masana suka ce ba daidai ba ne a sayar musu da abin da su suka wahala suka gano, suka kuma buga shi kyauta. Kowane ɓangare yana da hujjarsa: su suka haƙo, ita ta tace ta adana, ba kuwa a taɓa yin ajiya ba da mai gadi ba.

A ƙarshen shekarun 1970 aka sami hanyar karanta DNA cikin sauri, watau sinadarin gado wanda ke ɗauke da umurnin gina kowane furotin, shi kuma da haruffa huɗu ake rubuta shi. Dayhoff ta fara tattara waɗannan ma, cikin 1980 kuma ta buɗe taskar da masana za su iya shiga daga nesa ta layin tarho. Da hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta yanke shawarar kafa taska ta ƙasa, Dayhoff ta nemi a ba ta aikin, tana da gogewar shekara goma sha biyar a hannu. Amma cikin 1982 aka ba wa ƙungiyar Walter Goad ta cibiyar Los Alamos tare da wani kamfani, waɗanda suka yi alkawarin sakin bayanan ga kowa ba da wani sharaɗin mallaka ba. Wannan taska ita ce GenBank. Ba a cika shekara da wannan rashi ba, ran 5 ga Fabrairu, 1983, ciwon zuciya ya yi ajalinta tana da shekara 57.

Gadon da Ta Bari

Aikin bai mutu da mutuwarta ba. Cikin 1984 abokan aikinta suka mayar da kundin taskar kwamfuta mai suna PIR, Winona Barker kuma ta daɗe tana cikin masu jagorancinta. Cikin 2002 aka haɗa ta da takwarorinta na Turai aka sami UniProt, wadda jerin da ke cikinta sun haura miliyan ɗari, kowa kuma yana iya shiga ta intanet kyauta. Da yayyafi kogi kan cika: daga jeri 65 aka faro. Ƙungiyar da ta shugabanta ta kafa lambar yabo da sunanta domin mata masu tasowa a fagen bincike. 'Ya'yanta biyu sun bi sawunta, Ruth ta zama likita mai aikin shigar da kwamfuta cikin asibitoci, Judith kuma ta yi digiri na uku a kimiyya. Daga baya David Lipman, wanda ya daɗe yana shugabantar cibiyar da ke riƙe da GenBank ɗin nan da aka hana ta, ya kira ta uwa da uban wannan fanni.

Daga Washington zuwa Kwarin Rima

Mai sauraro zai iya tambaya, ina ruwan mutumin Wurno da wannan labari? Amsa ta farko tana cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cikin 2006 cewa kusan kashi 24 cikin ɗari na 'yan Nijeriya suna ɗauke da gadon sikila, ana kuma haihuwar yara kimanin 150,000 da cutar kowace shekara. Gwajin jinin da ake yi wa saurayi da budurwa kafin aure, wannan harafi ɗaya yake nema.

Amsa ta biyu tana cikin yaƙi da annoba. Cikin 2016, bayan an yi shekara biyu ba a ga cutar shan inna ta asali a Nijeriya ba, sai ta ɓulla a Barno. Da aka karanta jerin ƙwayar cutar aka kwatanta shi da waɗanda ke ajiye, sai aka tarar jikar wadda aka gani a Barno ce cikin 2011, watau ta yi shekara biyar tana yawo a ɓoye, ba daga waje aka shigo da ita ba. Wannan sani ya nuna wa ma'aikatan rigakafi inda za su dosa, har aka kai ran 25 ga Agusta, 2020, da aka tabbatar Afirka ta rabu da wannan nau'i na cutar. A watan Maris na wannan shekara kuma, masana a garin Ede na jihar Osun suka karanta jerin ƙwayar cutar korona, su ne na farko da suka yi haka a Afirka. Da ba a ajiye jerin 2011 ba, da na 2016 bai faɗi kome ba.

Amsa ta uku tana cikin fadama. Shinkafar Afirka, wadda aka daɗe ana nomawa a fadamun Rima tun kafin a kammala madatsar Goronyo cikin 1984, an karanta jerin gadonta an buga cikin 2014. Ta hanyar kwatanta shi da na shinkafar Asiya masu kyautata iri ke neman inda juriyarta take, domin su haɗa ta da yawan amfanin waccan. Irin da manomi ya gada daga kakanninsa, in ya ɓace kafin a adana shi, ya tafi da duk abin da ke rubuce a cikinsa.

Kammalawa

Tarihin Margaret Dayhoff ya bar wa ɗalibi da ma'aikacin gwamnati abu biyu. Na farko ya shafi rajista. Malamin asibitin da ke rubuta sunan cuta da ranar da ta zo, da malamin gona mai auna ruwan sama, da akawun da ke jera fayil, aikinsu ɗaya ne da wanda ta yi: layi guda ba shi da wani amfani a ranar da aka rubuta shi, amma in aka rubuta shi daidai, da tsari guda, aka adana shi shekara ashirin, zai amsa tambayar da ba a ma yi ba tukuna. Fayil ɗin da gara ta ci, babu kwamfutar da za ta dawo da shi. Rigimarta da masana kuma ta bar tambayar da ta shafi kowace hukuma, watau wa zai biya mai ajiya, wa kuma ke da ikon buɗe abin da aka ajiye.

Na biyu ya shafi 'ya mace. Wannan fanni ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada kafin a fara. Yana bukatar lissafi mai ƙarfi, da kwamfuta, da hanyar shiga taskokin da ke buɗe ga kowa. Babbar ƙungiyar da ta yaɗa shi a jami'o'in Afirka tun daga 2012, mace ce ta jagorance ta, Farfesa Nicola Mulder ta Jami'ar Cape Town. Yarinyar da ke ta ɗaya a lissafi a wata makarantar sakandare ta Rabah ko Goronyo, tsakaninta da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a Sakkwato cikin 1975, tafiyar da ba ta wuce ta safiya ɗaya ba ce. Dayhoff ta yi aure, ta yi goyo, ta yi shekaru a gida, kuma duk aikin da ake tunawa da ita saboda shi, bayan ta dawo ta yi shi, tana da shekara talatin da biyar zuwa sama. Abin da ya rage ga iyaye da mazaje da hukumomin ilmi shi ne su bar wa irin wannan yarinya ƙofa a buɗe, lokacin shigarta da kuma lokacin dawowarta.